AMANAR ILMI: DANGANTA MAGANA GA MAI ITA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan wata amana ne wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin amana ba, watau faɗin inda aka samo magana da ambaton sunan mai ita yadda ya kamata.

Kowace shekara ɗalibai masu yawa su kan kammala karatu a Kwalejin Ilmi ta Gumel, wadda ta ke horon malamai tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Haka kuma 'ya'yan ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suna nan a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Tarayya a Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa. Kusan kowanensu ba ya karɓar takardar shaida sai ya rubuta kundin bincike, kuma daga cikin abubuwan da su ke sa malamai su mayar wa ɗalibi da kundinsa akwai sha'anin madogara da jerin manazarta. Da yawa daga cikin ɗaliban nan suna ganin wannan wata ƙa'ida ce ta Turawa wadda aka ɗora musu don a wahalshe su. To, wannan zato kuskure ne babba. Musulmi ne ya fi kowa cancantar kiyaye wannan ƙa'ida, domin da irinta aka tsare masa addininsa.

Wanda ya san kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ta ke ci ranar Alhamis, ba ya bukatar dogon bayani. Mai hankali ba ya sayen sa a hannun baƙon da ba wanda ya san shi, kome ƙibar san nan kuma kome arharsa. Sai ya nemi dillalin da zai tsaya ya ce ya san mai dabbar, ya san inda ya fito, domin in magana ta taso gobe a san wanda za a nema. Haka ilmi ya ke. Maganar da ba a san mai ita ba tamkar dabba ce wadda ba ta da shaida, mai yiwuwa ne ta halal ce, mai yiwuwa ne kuma ta sata ce, wanda ya saya kuwa shi zai kwana a ciki.

ASALIN AL'AMARIN

Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci muminai a cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, da su bincika labarin da fasiƙi ya kawo musu kafin su yi aiki da shi. Ba kuwa za a san mai labari fasiƙi ne ko adali ba sai an san ko wane ne shi. Sahabbai su ne farkon waɗanda suka yi aiki da wannan. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wata kaka ta zo wurin Sayyidina Abubakar tana neman rabonta na gado. Mugira ɗan Shu'uba ya shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba kaka sudusi, amma Halifa bai zartar ba sai da Muhammadu ɗan Maslama ya tashi ya ƙarfafa maganar. Haka nan Sayyidina Umar ya nemi Abu Musa al-Ash'ari ya kawo wanda zai shaide shi a kan hadisin neman izinin shiga gida sau uku, har Abu Sa'idul Khudri ya je ya yi shaida. Ba tuhumar ƙarya aka yi wa waɗannan bayin Allah ba. Ana koya wa al'umma ne cewa duk maganar da aka jingina ga Annabi sai an san hanyar da ta biyo.

Imamu Muslim, wanda ya rasu a shekara ta 261 bayan Hijira, ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Muhammadu ɗan Sirina ya ba da labarin yadda da farko ba a cika tambayar isnadi ba, sai da fitina ta auku aka fara cewa kowa ya ambaci mutanen da ya karɓo daga gare su. A nan ne kuma ya kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a 181, cewa isnadi wani yanki ne na addini, domin in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. Isnadi kuwa shi ne salsalar mutanen da magana ta ratso ta hannunsu, kamar a ce Malik daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar, salsalar da malamai su ke yi wa laƙabi da sarƙar zinariya.

Malaman hadisi ba su tsaya ga jera sunaye kaɗai ba, har yadda aka karɓo maganar sai an bayyana. Ibnus Salahi, wanda ya rasu a 643, ya lissafa hanyoyi 8 na ɗaukar hadisi, daga ji daga bakin malami, da karanta masa yana saurare, da ijaza, har zuwa tsintar rubutu a littafin wanda ba a sadu da shi ba. Kowace hanya da lafazin da a ke faɗinta da shi, don kada wanda ya tsinci takarda ya yi kama da wanda ya durƙusa gaban malami.

YADDA MAWALLAFA SU KE YI

Da ilmi ya koma cikin littattafai, sai wannan ladabi ya bi shi can. Ƙurɗubi, wanda ya rasu a 671, ya sharɗanta wa kansa a farkon tafsirinsa cewa zai danganta kowace magana ga mai ita, kowane hadisi kuma ga wanda ya fitar da shi, domin a cewar malamai albarkar ilmi tana cikin yin haka. Shehu Halilu, mai Muhtasar ɗin da a ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa da Barno, ya ƙago wa kansa alamomi ya kuma bayyana su tun a gabatarwa. Akwai kalmar da in ya faɗa yana nufin Mudawwana, akwai ta zaɓin Lakhmi, da ta rinjayarwar Ibnu Yunus, da ta Ibnu Rushdi, da ta Maziri. Sayuɗi kuma, a cikin Jami'us Sagir, haruffa ya yi amfani da su, harafi guda na Buhari, guda na Muslim, guda na abin da suka haɗu a kansa. Wannan shi ne abin da ɗalibin yau ya ke yi in ya sa suna da shekara a cikin baka biyu, ya kawo cikakken bayani a ƙarshen kundi.

Malaman ƙasar nan ma haka suka yi. Wanda ya karanta Ihya'us Sunna na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, zai ga yadda ya ke ambaton Madkhal na Ibnul Hajji da littattafan Ahmadu Zarruƙu da na Gazali da sunayensu. In maganar da ya ciro ta ƙare sai ya sa alamar cewa ta ƙare, in kuma zai faɗi tasa sai ya nuna cewa yanzu shi ne ke magana. Shehu yana da littafi a kan isnadansa mai suna Asanidul Faƙir. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi a 1812, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowane. Mutanen da suka kai wannan matsayi ba su ga ƙasƙanci ba a cikin cewa daga wane suka ji.

LAIFIN ƁOYE TSANI

Akwai wani laifi wanda ya fi satar magana ɓuya, shi ne mutum ya ciro magana daga littafin da ke hannunsa, amma ya danganta ta kai tsaye ga wani tsohon littafi wanda bai taɓa buɗewa ba. Malaman hadisi suna da abin da su ke kira tadlisi, watau mai ruwaya ya tsallake wanda ya gaya masa, ya yi amfani da lafazin da zai sa a zaci daga na sama ya ji. Shu'uba ɗan Hajjaju, wanda ya rasu a 160, ya tsananta ƙwarai a kan wannan, har ya ɗauke shi ɗan'uwan ƙarya.

Masu tarihi sun kawo cewa irin wannan ne ya haɗa manyan malamai biyu na Masar. Sayuɗi, wanda ya rasu a 911, ya zargi Ƙasɗallani, mai Mawahibul Ladunniyya, da cewa yana ɗaukar maganganun Baihaƙi da waɗansunsa daga cikin littattafansa, ba ya kuwa faɗin cewa ta hannunsa ya same su. Magana ta kai gaban Shehu Zakariyya al-Ansari. Daga baya Ƙasɗallani ya taka da ƙafa, ba takalmi, har gidan Sayuɗi a Rauda don ya ba shi haƙuri. Sayuɗi ya amsa daga ciki cewa ya huce, amma bai buɗe ƙofa ba. Sayuɗin nan kuwa yana da wata risala wadda ya rubuta musamman a kan bambancin mawallafi da ɓarawo.

Misalin wannan a gida shi ne ɗalibin da ke rubuta tarihin Gumel. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya ratsa Gumel a 1851, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafin tafiyarsa. Yawancin ɗalibai ba su taɓa riƙe wannan littafi ba, sai dai su ga labarin masarautar a littattafan baya, irin na Hogben da Kirk-Greene a kan masarautun Arewa wanda aka buga a 1966. Wanda ya sami maganar Barth a wani littafi na baya, wajibi ne ya ce Barth ya faɗa kamar yadda wane ya kawo. In ya ɓoye tsanin da ya taka ya yi laifi biyu. Ya danne haƙƙin wanda ya sha wahalar nemowa, sa'an nan in wancan ya yi kuskure wajen cirowa, shi ya ɗauki kuskuren ya jingina wa wanda bai faɗa ba.

MATSALAR SUNAYE

A nan ne ɗalibin ƙasar Hausa ya ke gamuwa da wahalar da Bature bai sani ba. Tsarin da manyan makarantu da yawa na Nijeriya su ke bi shi ne na APA, wanda masana halayyar ɗan Adam na Amurka suka fara shimfiɗawa a 1929, bugunsa na 7 kuma ya fito a 2019. Ƙa'idarsa ita ce a fara da sunan dangi, a taƙaita sunan yanka zuwa harafi guda, a biyo da shekara. Wannan ya dace da mutanen da su ke gadon sunan dangi kaka da kakanni. Bahaushe kuwa sunansa na ƙarshe ko dai na mahaifinsa ne, ko na garinsu, ko laƙabi, ko sarauta.

Saboda haka in aka rubuta Gumel, A., ba a faɗi kome ba tukuna, domin Adamu da Aminu da A'ishatu da Abdullahi duk sun shiga ciki, ba kuwa dangin juna ba ne, gari kaɗai ya haɗa su. Haka abin ya ke ga Maigatari, M., ko Gagarawa, S. Har ma a kan sami mai buga takarda ya rikita Gumel ta Jigawa da Gummi ta Zamfara. Gumi, A. kuwa yana iya zama marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa ya rasu a 1992, yana kuma iya zama ɗansa Dokta Ahmad. Fodiyo ma ba sunan dangi ba ne, laƙabin mahaifin Shehu Usmanu ne, Malam Muhammadu, ma'anarsa malami da Fulatanci.

Kiran mutum da sunan garinsu ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Buhari sunansa Muhammadu ɗan Isma'ila, alkunyarsa Abu Abdullahi, an danganta shi ne ga birnin Buhara, kamar yadda aka danganta Tirmizi ga Tirmiz, Ƙurɗubi ga Ƙurɗuba ta Andalus. Amma malamai sun san haɗarin da ke ciki, don haka suka mai da rarrabe sunaye fanni mai zaman kansa. Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463, ya wallafa littafi sukutum a kan masu ruwayar da sunayensu suka zo ɗaya alhali mutane ne dabam dabam. Sun kuma lissafa kiran malami da sunan da ba a san shi da shi ba a cikin nau'o'in tadlisi.

Har yau ana faɗawa wannan rami. Ibnu Hajar biyu ne: Asƙalani mai Fathul Bari, wanda ya rasu a 852, da Haitami mai Zawajir, wanda ya rasu a 974. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike mai Ahkamul Ƙur'an, ya rasu a 543, dabam ya ke da Muhyiddini Ibnu Arabi mai Futuhatul Makkiyya, wanda ya rasu a 638. Ibnu Rushdin da Halilu ya ke nufi shi ne kakan, wanda ya rasu a 520, ba jikansa mai Bidayatul Mujtahid ba, wanda ya rasu a 595. Ibnul Jauzi kuma ba shi ne Ibnu Ƙayyimil Jauziyya ba, tsakanin rasuwarsu akwai shekara fiye da 150. Wanda ya rikita waɗannan zai iya jingina wa malami fatawar da ba tasa ba, ya tayar da husuma a masallaci a kan abin da ba a faɗa ba.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

Na farko, manufar ambaton suna ita ce a gane mutum. In tsarin makaranta ya ce a taƙaita suna, sai a bi, amma a sa haruffan sunan yanka da na mahaifi duka, a kuma kawo cikakken suna a cikin rubutu a karo na farko da aka ambaci mutumin. A rubuta sunan yadda mai shi ya rubuta a bangon littafinsa, kada a mai da Muhammadu ya koma Mohammed, kuma a tsaya a kan siga guda daga farkon kundi har ƙarshe. Alhaji da Malam da Shehu da Dokta girmamawa ce, ba a jera manazarta da su. Magabata kuwa a kira su da sunan da suka shahara da shi, a haɗa da shekarar rasuwa, domin shekarar bugu kaɗai takan sa Imamu Malik ya yi kama da marubucin bara.

Na biyu, aya a faɗi surarta da lambarta, a kuma san cewa ƙidaya ta bambanta. Almajiran tsangayun ƙasar Gumel, kamar sauran na Hausa da Barno, da ruwayar Warshu su ke karatu, kuma da izu da sumuni su ke gane wuri. Bugun Warshu mai lambobi yakan bi ƙidayar Madina, aya 6,214, bugun Hafsu kuwa yana bin ta Kufa, aya 6,236. Ayar da ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita, a Suratun Nisa'i, ita ce ta 58 a Hafsu, ta 57 a Warshu. Alƙur'ani ɗaya ne, wuraren tsayawar ƙidaya ne suka saɓa. Mai rubutu ya faɗi wanda ya bi tun da fari.

Na uku, hadisi a faɗi sahabin da ya ruwaito shi, da littafin da ya fitar da shi, da babi, sa'an nan lamba. Lamba kaɗai ba ta isa ba, domin takan canja daga bugu zuwa bugu. Ƙidayar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wadda ta fi yaɗuwa, ta ba Sahihul Buhari hadisi 7,563. In Muwaɗɗa ce a faɗi ko ruwayar Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, wadda aka saba da ita a nan, ko ta Muhammadu Shaibani. A kuma faɗi darajar hadisin. Maganar nan da ta shahara a bakin mutane a kan neman ilmi har ƙasar Sin, manyan malamai irin su Ibnu Hibbana da Ibnul Jauzi ba su yarda da ingancinta ba. Sakhawi, wanda ya rasu a 902, ya wallafa Maƙasidul Hasana don tantance irin waɗannan.

Na huɗu, a raba maganar wani da ta kai. Abin da aka kwafo kalma da kalma a sa masa alama a farko da ƙarshe, a faɗi shafi. Abin da aka taƙaita ko aka fassara a ce an taƙaita ko an fassara, kuma ko an sake masa kalmomi, ra'ayin na mai shi ne, sai an ambace shi.

Na biyar, abin da aka ji daga bakin dattawa shi ma madogara ne. Tarihin garuruwa irin su Sule Tankarkar da Gagarawa, da na malamansu da tsangayunsu, mafi yawansa yana ƙirjin tsofaffi. Wanda ya yi hira da dattijo ya rubuta sunansa da garinsa da ranar da aka yi hirar, bayan ya nemi izininsa, ya kuma tambaye shi ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi, kuma daga wa. Kunya takan hana Bahaushe faɗin sunan mahaifinsa ko malaminsa, wannan kuwa ɗabi'a ce mai kyau a zaure. Amma a takarda, in aka ce marigayi Malam kurum, bayan shekara 50 ba wanda zai san ko wane Malam ne, sai ladabi ya zama sanadin ɓacewar sunansa.

Na shida, abin da ya zo ta waya ba hujja ba ne sai an bi sawunsa. Saƙon WhatsApp ko Facebook da ya ce malamai sun ce, ko an ruwaito, ba shi da dillali. Na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira ma su kan ƙaga sunan littafi da shafi da lambar hadisi waɗanda babu su. Kada a rubuta madogarar da ido bai gani ba.

Wannan darasi bai tsaya ga masu kundi ba. Ya shafi liman a kan mumbari, da mai tafsiri da azumi, da malamar Islamiyya, da duk mai tura saƙo ga jama'a. Ya tabbata a Buhari da Muslim, ta hanyoyi masu yawa, cewa wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan an yi masa alkawarin mazauni a wuta. Sun kuma ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba an kamanta shi da wanda ya yi shigar ƙarya sama da ƙasa. Na farko gargaɗi ne ga mai jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba, na biyu kuwa ga mai ɗaukar maganar wani ya ce tasa ce. Ɗalibin da ya sami takardar shaida da guminsa da na wani a cakuɗe, ya kama aikin koyarwa da ita, ya kamata ya tambayi kansa game da albashin da zai ci shekara da shekaru, da kuma abin da zai koya wa yaran da aka ba shi amana.

Allah Ya ba da ilmi mai amfani, Ya jiƙan malaman da suka isar da shi da amana, Ya sa a gama lafiya. Amin.